Ɗakin da ba a nuna mana ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Balaraba, amma har yau in na ga tsumma a jiƙe cikin roba sai in kau da kai.

Yayata ce, ma'aikaciyar jinya. Ta bi mijinta Alƙahira wajen ƙarshen shekarun saba'in, yana aiki a ofishin jakadanci, ni kuma ina zaune wurinta a unguwar Ma'adi ina karatu. Duk wata ni da Yaya mukan bi matan ofishin mu kai sadaka wani gidan marayu a Abbasiya, inda 'yan mata ƙanana ke saƙar darduma a bakin abincinsu. A ba mu shayi, a jero masu lafiya su yi mana waƙa. Mu kuwa ga kunya irin tamu, inda aka zaunar da mu nan muke tsayawa.

Ran nan Yaya ba ta ga Samiha ba, wata 'yar shekara bakwai da ta saba hawa cinyarta. Shugabar gidan ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri Madam, barci take." Yaya ta miƙe ta nufi bene. Na riƙe mata gyale, na ce, "Haba Yaya, mu fa baƙi ne, kar ki ba mu kunya." Ta fizge. Dole na bi ta.

Wa'iyazubillahi! A ɗakin wanki muka sami yara tara a tabarma ɗaya, har da Samiha, kwantsa ta manne musu idanu. Wata mata tana bin su da tsumma guda, ta goge wannan ta goge waccan, ta mayar cikin robar ruwa. Maganin ke nan. Duk wadda ta daina ganin zare, sai a hau da ita nan. Maganin idon da muka kai kuwa yana kabad ɗin ofis, ko buɗe shi ba a yi ba.

Yaya ta saɓi Samiha sai asibiti. Aka ceci idon hagu. Na dama, in ji likita, da wata guda baya aka kawo ta, da shi ma an cece shi. Wata guda baya muna ƙasa muna kurɓar shayi. Matan ofis kuma har gaba suka yi da Yaya, wai ta zubar mana da mutunci.

Da za ta ga yadda yanzu muke jera marayu gaban kwalayen taliya muna ɗaukar hoto, na san tambayarta: ina waɗanda ba su fito ba?

Yaya ba ta bar gida ko fili ba. Ta bar ido ɗaya mai gani a fuskar wata mata a Masar, Allah Ya sa ya zame wa Yaya haske a kabari. Shugabar gidan na manta kamanninta tuni. Abin da nake ƙyama kullum yana tare da ni: wannan hannun nawa da ya riƙe gyalen.