Ranar da Yaya Bashir ya kai ni ganin teku

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Bashir, amma har yau in na ji ƙugin wayit, motar nan mai zuƙe ruwan masai, a layinmu na Jarwal, sai ranar ta dawo mini sabuwa.

A Makka aka haife mu, ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama. Aikinsa riƙe tiyo ne idan za a zuƙe bayyara, ramin da ƙazantar gida ke taruwa. Wasu gidajen hutu na bakin teku, kudu da Jidda, su suke kwashe wa. Maimakon doguwar tafiya zuwa matatar ruwa, direbansu sai ya juye a wata mashigar teku kusa da wani ƙauyen masunta, ranar Juma'a daidai huɗuba, don maza duk suna masallaci. Ni ban san wannan ba. Naci kawai nake masa cewa ban taɓa ganin teku ba.

"To, Hajiyar naci, yalla shiga," in ji shi wata Juma'a. "Amma ki toshe hanci, motarmu ba ta turare ba ce."

Na ga tekun. Can nesa shuɗi ne, kusa kuwa baƙi ƙirin, ga kumfa, ga matattun kifaye ciki sama.

Ashe ranar masuntan ba su je masallaci ba, suna laɓe a bayan jiragensu. Tiyo na fara amai suka fito. Direba ya arce da ƙafa. Yaya suka samu. Wani ya maka masa filafili a gadon baya, wani ya zabga masa sarƙa a haƙarƙari, na ji ƙarar ƙashin daga cikin mota. Suka danna fuskarsa cikin ƙazantar suna cewa da Larabci, "Sha! Sha abin da ka ba mu!" Wani tsoho ya ɗago jikarsa sama yana kuka, ƙafafunta duk gyambo. Yaya bai roƙe su ba. Da Hausa ya yi ihu, jini na bin bakinsa: "Hafsa, kwanta! Kar ki fito!"

Mai sarƙar ne ya buɗe ƙofa ya gan ni a ƙudundune. Ya daɗe yana kallona. Shi ya sako mu a bayan motarsa har bakin Makka.

A gida Umma ta ce a tafi asibiti. Kawu ya ce, "Da wace takarda? Su ɗinke shi, su yi mana tarhil, su kore mu daga ƙasar gaba ɗaya?" Shi kuma mai ciwon ya ce targaɗe ne, a bar shi. Washegari kafin la'asar ya yi aman jini, ya cika.

Yanzu maƙwabcinmu ya ce an kafa ƙaramar matata a ƙauyen, ruwan da ta tace shi ke shayar da itatuwa, kifi ya fara dawowa. Da Yaya na nan, na san dariya zai yi ya ce, "Ashe kayan namu har inuwa yake yi?" Ko kuwa shiru zai yi? Ban sani ba. Na kasa yafe musu, na kuma kasa cewa ƙarya suka yi, don na ga ƙafafun yarinyar.

Bai bar ɗa ba, bai bar hoto mai kyau ba. Makon jiya bayyararmu ta cika, Umma ta kira wayit. Na fita, na tambayi mai riƙe da tiyon, "Ɗan'uwa, ina za ku kai shi?" Sai kawai ya waiwayi direba. Na ce su naɗe tiyonsu. Gidan ya kwana yana wari har muka sami waɗanda suka faɗi inda za su kai shi. Umma ba ta yi mini faɗa ba. Turare kawai ta kunna, ta kira sunan Yaya.