Rassan da Ustaz Sa'idu Ya Ɗaure

Ina tashar mota a Managil, na sayo alli don makarantarmu da aka sake buɗewa, sai wayata ta yi ƙara. Maryam ce, 'yar Ustaz Sa'idu. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya Habu, Baba ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan buhun wani mutum da ban sani ba, shi kuma bai ce in tashi ba. Allah ya gani, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne bagaruwarsa ta bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu. Na ce a zuciyata, yanzu wa zai tsare ta?

Ustaz Sa'idu ya koyar da ni ina yaro, daga baya muka yi aiki tare a makaranta ɗaya. Lissafi ne darasinsa, amma duk ƙauyukan da ke kewaye da ƙwallon gora suka san shi, wasan da ya koyo a birnin Madani lokacin karatunsa. Ƙwallon goruba muke bugawa, jarka biyu kuma su ne gola.

Mu 'ya'yan manoman auduga ne, fartanya muka fara riƙewa kafin alƙalami. Da ya ba mu sanda, sai kowa ya ɗaga ta sama ya kafta ƙasa da dukan ƙarfinsa. Ƙasa ta yi tsalle, ƙwallo yana nan zaune inda yake. Sai ya riƙe ƙugu ya ce, "Ya walad, kai yaro, mi kaka yi? Ruwa kaka buɗe ma auduga? Mi ƙasa ta yi maka?" Daga nan ya zo bayanka ya gyara maka hannu, na hagu a sama, na dama manne da shi a ƙasa. Ya tura ƙwallo daidai ƙafarka ta hagu, ya danna kafaɗarka har gwiwa ta lanƙwashe. Ya ce sanda ta bi ƙasa ta shafi ƙwallo, ta raka shi har inda ka nufa. In ka ɗaga kai kana leƙen jarkoki, ya ce, "Gola ba ta zuwa ko'ina. Dubi abin da ke gabanka."

'Yan mata suka riga mu ganewa, domin sun saba sunkuyawa da gajeriyar tsintsiya. Kai, mun sha kunya! Ya riƙa jera mu a gefe, mu ƙattin aji, muna kallon ƙannenmu mata suna zura ƙwallo tsakanin jarkoki. Doka ɗaya ce ba ya wasa da ita: wanda ya ɗaga sanda ta wuce kafaɗa ya gama wasa ran nan, ko ɗan wane ne. Yakan ce haƙoran ɗan'uwanka amana ne a hannunka.

Sandunan ba saye yake yi ba. A jikin bagaruwa yake renon su. Yakan zaɓi reshe ɗanye mai kaurin yatsa, ya lanƙwasa bakinsa, ya ɗaure da igiya, ya bar shi ya girma a haka. Sai reshen ya ga damina biyu kafin ya sare shi, ya fere, ya shanya a inuwa. Saboda haka kullum yaran da bai gani ba tukuna yake yi wa aiki. Na taɓa tambayarsa na wa ne wani ƙaramin reshe da yake ɗaurewa. Ya ce, "Mai shi yana bayan uwatai yanzu."

Sai yaƙin nan ya zo. Aka rufe makaranta, azuzuwa suka cika da mutanen da suka gudo daga garuruwansu. Gas ya ɓace, gawayi ya gagara, kowa ya koma itace. Wata safiya muka tarar da wata mata ta sa sandarsa guda a murhu tana dama wa 'ya'yanta kunu. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi magana, ya riƙe hannuna. Ya shiga ɗakin ajiya ya kwaso sauran duka ya ajiye mata. Ya ce da ni, "Yaron da bai ci ba ba ya buga komi." Amma na ga yadda ya juya baya da wuta ta kama.

Itatuwan bakin tur'a suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, saura bagaruwa guda mai rassan da ya ɗaure. Nan ya tare. Ciwon sukari yana cinsa, magani ya yanke, ƙafafunsa sun kumbura, duk da haka kullum sai ya ja jiki ya shimfiɗa tabarma a gindinta. Mai gatari in ya zo ya gan shi, sai ya gaishe shi ya wuce.

Da na iso gida an riga an yi masa wanka. Mu har yau itace muke jerawa a bakin kabari kafin a zuba ƙasa, kamar yadda kakanninmu suka zo da shi. Aka nema aka rasa. Ga damina, ko busasshen tubali babu a garin. Sai ƙaninsa, Baba Isa, ya ɗauki gatari ya ce, "A saro bagaruwar. Shi ya rene ta, shi ya fi kowa cancanta da ita." Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya musa. Na tsaya kamar an dasa ni, ina so in ce a bari, ina jin nauyin in hana mamaci sutura saboda wasan yara.

Muryar Inna Hajara, matarsa, muka ji daga bayan katanga. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ran nan. Ta ce, "Isa, aje gatarin nan. Mutumin ga ya ƙare ƙafafunai gindin iccen nan. In kun kai shi, ku kwance gadon da kunka ɗauke shi bisa, ku cire ƙyauren ɗakina ku ƙara."

Haka aka yi. A bisa gadonsa na igiya muka kai shi, a bakin kabari muka warware igiyar, muka jera katakon tare da allunan ƙyauren. Muka dawo hannu wofi. Baba Isa ya yi kuka a hanya, ni ma na yi.

Jiya na je gindin bagaruwar. Na kwance igiya ɗaya don in gani, reshen bai miƙe ba, ya riga ya kama. In ruwa ya ɗauke zan sare rassan, in fere yadda na ga yana yi. Ajina cike yake da yaran da suka san ƙarar bindiga amma ba su taɓa riƙe sandar wasa ba. Na san za su kafta ƙasa, kuma ba ni da muryarsa.

Allah ya jiƙan Ustaz Sa'idu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabari, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Maryam da 'yan'uwanta haƙuri, ya dawo wa ƙasar nan da zaman lafiya. Allah ya dubi Inna Hajara, wadda take takaba a kan tabarma, a ɗakin da ba ƙyaure. Amin.