Jar Ƙofar Baba Ragowa

Duk unguwar babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Baba Ragowa ake ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a, don ya san inda sunan ya samo asali. Mai fenti ne tun yana saurayi, kuma a sana'arsu abin da ya rage a gindin gwangwani bayan an gama aiki, na mai aikin ne. Sauran masu fenti sayar da nasu suke yi. Shi kuwa sai ya ɗaure a bayan keke ya kawo gida. Shi ya sa in ka shiga gidansa sai ka rantse ka zaga gari: falo koren asibiti, ɗakin girki shuɗin makarantar firamare, banɗaki kuwa ruwan tokar tashar mota. Matarsa ta yi mita har bakinta ya gaji.

"Kowa gidansa kala ɗaya, mu namu sai ka ce zanen mahaukaciya," in ji ta.

"To ke kin taɓa jin bango ya kai ƙara?" shi ne amsarsa kullum.

Amma abin da yake taƙama da shi a duniya shi ne 'yarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Rana ta gasa masa ƙeya a bangon mutane shekara da shekaru kafin ta gama karatu, yanzu ga ta nas a asibitin gwamnati, ɓangaren yara. In ta fito da safe cikin fararen kayanta, Baba Ragowa sai ya ƙirƙiri wankin buroshi a ƙofar gida don kawai a gan shi tare da ita. Kowa ya gano shi, aka ƙyale tsoho.

Da kakar zaɓen shugaban ƙasa ta kama, manyan jam'iyyun biyu, mai tuta rawaya da mai tuta ja, duk shi suka ba aikin ofisoshinsu. 'Yan rawaya, kai, ban taɓa ganin marowata irinsu ba, ko fankon gwangwani ba su bar masa ba. 'Yan ja kuwa hannunsu a sake, suka bar masa ragowa mai yawa, wani ja mai duhu da aka haɗa musu na musamman, irin na hulunansu da motocinsu. Baba ya dubi ƙofar gidansa da tsatsa ta fara ci, ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya shafe ƙofa, ya shafe tagogi, ya bi bangon waje. Maƙwabcinsa Tela, amininsa tun suna samari, ya leƙo ya ce shi ma a yi masa. Shi Tela ɗan ja ne na gani-kashe-ni, shi ya ɗinka musu tutoci. Baba Ragowa kuwa ko matarsa ba ta san wanda ya zaɓa ba. Fenti ya gani mai kyau, yana kama ƙarfe, shi ke nan.

Sai aka faɗi sakamako, rawaya ta ci.

Da farko an ɗauka murna ce za a yi a watse. Ina! Gidan rediyon da ake bugawa waya a faɗi ra'ayi aka wayi gari yana sa waƙa kawai, daga baya ya yi tsit. Wani alƙali da ya yi magana aka ce ya tafi hutu, bai dawo ba. Aka fara raɗe-raɗin za a taɓa tsarin mulki. A teburin mai shayi, inda da ake musun siyasa har jijiyar wuya ta tashi, mutane suka koma hirar ƙwallo, ita ma ƙasa-ƙasa, kowa na satar kallon na kusa da shi. Sannan aka ce za a tantance ma'aikatan gwamnati, a ware masu yi wa sabuwar tafiya zagon ƙasa. Babu wanda ya san yadda ake gane su, abin da ya fi ba da tsoro ke nan.

Wata rana da la'asar Uwata ta dawo aiki ba ta ko cire takalmi ba ta miƙa masa wayarta. Hoton gidansu ne, ja zur, wani ya ɗauka ya jefa a dandalin ma'aikatan asibiti, a ƙasa an rubuta: ga gidan su nas ɗinmu.

"Baba, an riga an ce wa wasu su zauna a gida," ta ce. "Ɗaya mijinta kawai aka gani da jar hula."

Baba ya miƙe zumbur. "Uwata, ai ragowa ce. Kowa ya san ragowa ce!"

"Kowa na unguwar nan, Baba. Su can fa?"

Bai tsaya jin ƙari ba. Ya jawo wani farin fenti daga ƙarƙashin gado ya fita ya hau shafawa. Ka ji fa, mutumin da ya koya wa rabin masu fentin garin cewa ba a ɗora fari kai tsaye a kan ja, sai an kankare, an shimfiɗa ruwan toka tukuna! Tsoro ya kwashe masa ilminsa kaf. Kafin fentin ya bushe jan ya huda ya fito, gida ya koma ruwan hoda, dabbare-dabbare. Ya ƙara shafi, ya sake fitowa. Mai gyaran babur na tsallaken titi ya ɗago kai ya ce, "Baba, me ake ɓoyewa ne haka da gaggawa?" Da wasa ya faɗa, amma babu wanda ya yi dariya, shi kansa sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kwance tayarsa.

Daga ranar Baba Ragowa ya daina cin abincin kirki. Ko mota ce ta rage gudu a layin sai ya faɗa gida ya turo ƙofa. Abin kunya kuma, ya fara kauce wa Tela. In ya ji ƙarar kekensa na ɗinki sai ya bi ta ɗaya gefen. Shi ko Tela ko gezau, ya ma faɗa a bainar jama'a cewa ƙofarsa ba za ta canza kala ba sai dai in gawarsa aka fitar ta cikinta.

Ana haka sai ga Ciyaman na unguwa, shugaban 'yan rawaya, yaron da Baba ya sani tun yana yawo da majina. Ya fito daga sabuwar mota, ya rusuna ya gaishe shi cikin ladabi, ladabin da ya fi zagi tayar da hankali.

"Baba, ya ƙanwata? Tana nan ɓangaren yara ko? Yarinya mai ƙoƙari. Na ji ana ta maganganu a kanta, raina bai so ba."

Baba ya buɗe baki zai yi bayanin ragowa, Ciyaman ya ɗaga hannu.

"Na sani, Baba, ni ai ɗan gida ne. Manya ne ba su sani ba. Amma abu ne mai sauƙi. Akwai baƙi da za su bi ta layin nan, muna so su ga unguwa ta haɗa kai. Za mu kawo fenti, kai za ka shafe mana layin duka rawaya. In mutane suka gan ka da buroshi, wa zai sake ɗaga maganar ƙanwata?"

"Har gidan Tela?"

"Da shi za ka fara."

Da motar ta tafi ya shiga gida ya zube a kujera. Matarsa, wadda ta ji komai ta bayan labule, ta ce, "Malam, fenti ne fa, ba wuƙa ba. Tela namiji ne, zai ji haushi ya huce. Yarinyar nan in aka kore ta da wannan tambari, wane asibiti zai ɗauke ta?"

Uwata ta ce, "Baba, kada ka yi don ni." Ta faɗa dai, amma ba ta iya haɗa ido da shi ba, tana ta murza bakin mayafinta. Tausayinta ya kama shi, ga haushin kansa. Kuma abin da ya fi ci masa rai, bai ma tabbata in ya yi za a ƙyale ta ba. Alkawarin Ciyaman ne kawai, wanda gobe ana iya canza shi a kawo wani.

Washegari da hantsi aka sauke gwangwanaye a ƙofar gidansa, wannan karon ba rowa. Mutanen layi suka fito, kowa ya sami abin yi a bakin ƙofarsa. Baba Ragowa ya saɓa tsani, ya ɗauki gwangwani, ya nufi gidan amininsa kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ya jingina tsanin a bango. Ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

Tela ya fito, tef ɗin awo rataye a wuya. Ya dubi gwangwanin, ya dubi Baba, ya daɗe yana dubansa. Baba ya shirya wa zagi, wallahi da ma a zage shi ya fi masa sauƙi.

"Saboda 'yarmu Uwata ne?" Tela ya tambaya.

Baba ya gyaɗa kai.

"Sun ce in ka yi za su bar ta?"

"Haka suka ce."

Tela ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya juya ya dubi jar ƙofarsa, ya shafa ta da tafin hannu. Sannan ya tako ya kama ƙafafun tsanin da hannu biyu, ya danne da ƙafarsa.

"Hau, tsoho, ƙasar nan ba daidai take ba. Na riƙe maka."

Baba Ragowa ya hau. Ya tsoma buroshi ya ɗaga, rawayar ta ɗiga a kan hular Tela da kafaɗarsa. Tela bai goge ba, bai kuma saki tsanin ba.