Tuwon gaz a gidana

Ana sanar da ɗaukacin jama'ar Agadas cewa yau na shiga madafar gidana da ƙafata.

Garwashin shayi na je nema. Na tarar murhu ya yi sanyi, har mage ta kwanta cikin toka. A gefe kuwa tukunya na tafasa bisa butalin gaz, wato tulun iskar girki.

Masu karanta ni sun san matsayina. Na sha rubuta cewa arzikin man ƙasar nan a rediyo kawai muke jin sa, tallafin gaz kuma zancen Yamai ne. A gida ma na kafa doka: ba na cin tuwon da bai sha hayaƙin itace ba.

Na ce, "Maman Hadiza, yaushe wannan ya shigo?"

Ta ce, "Tun kafin azumi, Malam. Cika shi ya fi itace araha, tunda gwamnati na ɗauke wani kaso."

"To, tuwon da nake ci fa?"

"Shi kake yabo kullum, wai hayaƙi ya ratsa shi. Rabonka na arzikin man da kake cigiya a rubutunka, da miyar kuka kake haɗiye shi." Ta rufe tukunya. "Ka ƙara jin tarina?"

Tarin hayaƙin nan ya sha kai mu likita, amma ban lura da ranar da ya tafi ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafena suna nan daram. Kan gaz dai, na yi kuskure. Magidanta, ku leƙa madafa ku ba ni labari.