Madubin Tela a Ajin Turanci

Abubuwa da yawa na zamanin koyarwata sun kwanta mini, har da fuskokin wasu da muka ci tuwo kwano ɗaya, amma ranar da wani manomi ya zo cire ɗansa daga ajina don yaron ya kalle shi, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru kafin mulkin kai. Na fito daga makarantar horon malamai da zafina, En'e ta tura ni elementare ta Karaye, aka ba ni 'yan aji huɗu in fara musu Turanci. Ni ɗan Ruwan Bago ne ta wajen Rogo, ba baƙon ƙasar ba, amma a lokacin ji nake kamar daga Ingila aka yi odata. Masaukina gidan wani tsohon tela ne mai rumfa a bakin kasuwa.

Hanyar da aka koya mana ba ta yarda da fassara ba. Da ka shiga aji, Hausa ta jira ka a bakin ƙofa. In kana son yara su san kalmar tashi, sai ka tashi kana faɗa, in ƙwarya ce ka ɗaga ƙwarya. Kunne ya fara ji, baki ya bi, karatu da rubutu su zo daga baya. Babban sharaɗin kuwa shi ne yaro ya kalli bakin malami, ya ga inda harshe ke zama da yadda leɓe ke motsi, don akwai sautukan da babu su a Hausa, kunne kaɗai ba ya kama su.

Nan na haɗu da gamona. Yaran sun saba da hadda tun makarantar allo, in na faɗi magana sau biyu sai su rera ta tiryan-tiryan, amma kowa kansa a sunkuye. Ina ta tashi da zama, ina ɗaga ƙwarya, ina zaro harshe kamar ƙadangare, ba mai ganina. Sai ka ji aji guda suna shelar cewa a tsaye suke, alhali suna zaune daram. Ni ma da wannan kunyar aka raine ni, amma ɗan zaman da na yi a hannun Bature a makarantar horo ya sa na manta. Na kafa doka, duk wanda ya sunkuyar da kai ya sha tsumagiya. Kafin wata ya ƙare suka fara ɗagowa, ni kuwa ina ta jin kaina.

Wanda ya fi kowa kamawa wani yaro ne ɗan Kafin Dafga, shi nake sa ran zai ci jarrabawar shiga Midil ta Kano. Wata ranar kasuwa sai ga mahaifinsa. Muka gaisa a tsanake, ya tambayi aiki da gajiya da mutanen Rogo, sannan ya gyara zama.

"Malam, shekaranjiya ina yi wa yaron nan magana a gonar gyaɗa, ya ɗago ya zuba mini ido kamar sa'ansa. Na tambaye shi, ya ce kai ka koya masa. In Turancin ke nan, na yafe. Kasuwa mai zuwa zan zo in tafi da abina."

Na dinga zuba masa bayanin harshe da leɓe, yana saurare yana kallon ƙasa, da na gama ya yi mini godiya ya tafi. Hedimasta ya ce mini da ƙyar hakimi ya tara yaran nan, in ɗaya ya fita saura za su bi. Gaskiya hankalina ya tashi, don ina ƙaunar yaron nan, kuma na san ni na jawo masa.

Da la'asar na zauna rumfar tela ina ƙorafin jahilcin mutanenmu. Ya bar ni na yi mai isata yana taka kekensa. Can ya nuna mini wani babban madubi da ya sayo a kantin Kano, ya ce idan dagaci ya zo gwada riga, bayansa yake tsayawa ya duba madubin.

"Ɗana, ban taɓa kallon dagaci ido cikin ido ba, amma duk ranar da wuyan riga bai yi masa ba, na sani. Ɗauka ka gwada. Kada dai ka fasa mini."

Shi da kansa ya yanko ƙyalle ya rufe saman madubin, yadda baki da haɓa kaɗai za a gani. Washegari na rataye shi gefen allo, na karya tsumagiyar, na juya wa aji baya na fara magana. Da farko dariya suka yi har da riƙe ciki. Daga nan sai na ji sautukan da na yi wata guda ina nema suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ƙura wa madubin ido ba tsoro, don ba mutum yake kallo ba.

Ranar kasuwa uban ya dawo kamar yadda ya faɗa. Na roƙe shi: "Baba, don Allah ka tsaya ta taga ka ga darasi ɗaya, in bai yi maka ba ka tafi da shi." Na fuskanci madubi na faɗi magana, yaron ya maimaita. Sannan na juyo na yi masa tambaya da Turanci. Nan take ya sunkuyar da kai ya ba ni amsa, daidai ba gyara.

Dattijon ya dubi ɗansa, ya dubi madubin. Sannan ya ce, "To, wannan gilashi yake kallo, ba babba ba. A bar shi ya yi karatunsa." Da zai juya na hango shi ya saci kallon madubin, ya ɗan sa harshe tsakanin haƙora. Na yi kamar ban gani ba.

Tela ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, madubin ma ban san inda ya ƙare ba. Ina kewar kwanakin nan ƙwarai. Yaron ya ci Midil, ya yi gaba, ya yi aiki da Turawa, Turancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Duk sallah yakan zo gaishe ni a Ruwan Bago da furfurarsa, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa. Har yau bai ƙara kallon idona ba.

Abin da na koya ke nan, kuma ba a makarantar horon malamai ba. Kafin ka koya wa yaro harshen wasu, fara sanin gidan da ya fito. Kana iya ƙara masa wani harshe a baki ba tare da ka ƙwace masa abin da ubansa ya ba shi ba.