Sun kashe Malam Nafi'u a kan jakar kwamfuta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shago aka kira ni daga Rogo, wai an kashe Malam Nafi'u.

Na ce wane Nafi'un? Jiya fa yana nan wurina.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne malamin da ya koya mana kwamfuta a sakandare. A hannunsa na fara riƙe sukundireba. Ranar da na buɗe shagon gyaran waya a nan Karaye, shi ya fara kawo min aiki, wata tsohuwar waya da na tabbata lafiyarta ƙalau, don kawai kada in wuni a zaune. Duk kaka sai ya aiko wa mahaifiyata gyaɗa daga gonarsa ta Ruwan Bago. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Injiniya.

Jiya da hantsi ya shigo da jakarsa ta baya. Ya ciro wata 'yar ƙaramar kwamfutar tebur, ba ta fi kwanon sha girma ba. Ya ce wutarsu ta ƙi zama, wutar solar shagona yake so ya yi aiki da ita.

Wani sabon operating system ya samo, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya. Masu haɗa shi da kansu sun rubuta cewa na gwaji ne, kada a dogara da shi. Amma kyauta ne kuma ba shi da nauyi, Malam yana ganin zai iya tayar da tsofaffin kwamfutocin makaranta da aka jibge a sito.

Abin ya ba mu wuya. Mu sa filashin da manhajar ke ciki, ya fara lodi, ya tsaya cak. Mu sake, allo ya yi baƙi. Da ya wuce nan kuma sai ya ƙi ganin kibod. Na ce, "Malam, don Allah a mayar mata da na da, a huta."

Ya daki tebur har sai da wayoyin mutane suka yi tsalle. "Injiniya, yaran nan a allo nake zana musu linzamin kwamfuta da alli. Da alli fa! Sake kunnawa."

Bayan azahar kwamfutar ta tashi. Sauti babu, intanet babu, amma ga allo ya kawo, kibiya tana motsi. Dattijon nan ya miƙe yana tafi kamar an yi masa haihuwa. Na ce ya tsaya a kawo abinci, ya ce a'a, so yake ya je ya gwada ta a makaranta kafin gobe. Ya tari ɗan acaɓa suka tafi.

Ɗan acaɓan, Haruna, yana gadon asibiti yanzu da sara a ka. Daga bakinsa na ji sauran.

A hanyar Rogo, inda gonaki suka rufe titi, wasu samari a kan babur suka sha gabansu. Rana tsaka, ko la'asar ba a yi ba. Suka sari Haruna ya faɗi. Suka ce waya, Malam ya miƙa. Suka ce jaka, sai ya rungume ta.

"Ba kuɗi ba ne, 'ya'yana. Kayan karatun yara ne."

'Ya'yana ya ce musu.

Suka sare shi a hannu da adda, bai saki ba. Suka ƙara. Ɗaya ya zagaya ta baya ya soka masa wuƙa a wuya. Da suka zuge jakar suka ga ɗan akwatin ƙarfe, suka jujjuya shi, ba su ma san mene ne ba. Suka maka shi a kwalta, suka taka, suka hau babur.

Na je Rogo, na samu ana yi masa wanka. Na ga hannun nan. Yatsu biyu fata ce kawai ta riƙe su. Na fito waje. Da a ce an damƙa min ɗaya daga cikinsu a lokacin, ban san abin da zan aikata ba, Allah ya yafe min.

Ɗalibansa sun cika ƙofar gida da yunifom. Daga aji suka taho, don tun jiya da safe aka yi ta yaɗa cewa yau Malam zai zo da sabuwar kwamfuta, kowa zai taɓa.

Ku da kuka yi wannan, kuna da iyaye, wataƙila ma ƙannenku suna ajinsa. Ba mu yafe ba. Allah ya tona asirinku tun a duniya, ya hana ku barci har sai kun shiga hannu.

Ya Allah ka jiƙan Malam Nafi'u, ka karɓi shahadarsa, ka yalwata kabarinsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya marayunsa, ka ba Haruna lafiya.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.