Gona a Cikin Kango

Ranar wata Laraba ce da hantsi, a tsakiyar watan Agusta na shekarar da na gama aji biyar na firamare, muka yi nasarar saukar da ruwan sama a cikin wani kango a Maje, kusa da Suleja, ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa kowa ba. Ƙawata Nanret ce ta gano dabarar. Ta hau kan katangar bulo, ta sa yara biyu suka riƙe mata wani guntun kwanon rufi da muka tsinto, ta riƙa zuba masa ƙananan tsakuwa kaɗan-kaɗan, daga yayyafi har ya koma kamar da bakin ƙwarya. Sadiku, ɗan maƙwabcinmu mai walda, yana ƙasa yana girgiza wani faffaɗan langa-langa yana ba da tsawa. Mu goma sha ɗaya muka yi ta tsalle muna ihu, kai ka ce an soke makaranta har abada. Ana cikin wannan murnar lokacin fitowata ya yi. Na ɗora kwandon doya a ka, na saki hannu don kowa ya ga gwanintata, na ratso ta ƙofar da ba ta da ƙyaure ina rangwaɗa. Baba Ɗanjuma mai gadin kangon, wanda ya yi sati biyar yana zaune a kan 'yar kujerarsa yana kallonmu yana dariya, sai ya daina dariyar. Ya tambayi Sadiku wace ce wannan nake kwaikwayo, aka ce masa ai Talatu ce, matar manomi. Ya miƙe ya ɗauki kujerarsa ya tafi. Washegari muka tarar an gicciya itace da ƙaya a ƙofar kangon, ga shi Asabar ce ranar da za mu nuna wasan kwaikwayon namu, kuma mun riga mun gayyaci unguwa kaf.

Ba mu daɗe a Maje ba a lokacin. Daga unguwar Wambai da ke cikin garin Suleja muka taso, muka kama ɗaki biyu a wani gidan haya mai ɗaki takwas, inda kowace ƙofa da yarenta da ƙamshin miyarta. Babana tun da asuba yake fita neman motar zuwa aiki Abuja, kamar yawancin mazan gidan, don haka da rana duniyar ta mata ce da yara. Aikina shi ne sharar tsakar gida ranar da layi ya zo kanmu, da wanke-wanke, da cika randa biyu daga burtsatsen bakin titi. A layin burtsatsen nan na haɗu da Nanret, 'yar wani malamin makaranta daga Filato, muka fara da faɗa a kan bokiti muka ƙare da carafke. In mun gama aiki sai mu sulale zuwa kangon da ke bayan gidanmu. Wani ma'aikacin Abuja ne ya tayar da ginin har kan taga, sannan aka daina ganinsa. Filin kuwa a da gonar Baba Ɗanjuma ce. Shi mutumin Gbagyi ne, waɗanda muke ce wa Gwari, kuma bayan gonar ta bar hannunsa sai ya zama mai gadinta. Amma manomi manomi ne: a ɗakin da aka ce na baƙi ne ya shuka kuɓewa, a bayan ginin kuma gyaɗa.

Wasan da faɗa ya fara. Nanret ta saba da wasan Kirsimeti a cocinsu, inda shekara uku a jere ana ba ta tunkiya. Ni tashe na sani. Sadiku kuwa fim yake so, a yi duka a yi harbi a kama ɓarawo. Kowa ya raina na ɗan'uwansa, har muka gaji muka ce to kowa ya ajiye nasa, mu yi abin da ba a taɓa yi ba. Muka kafa doka uku. Ba a rubuta komai a takarda, don takarda ta makaranta ce. Babu darakta, ko da yake Sadiku bai taɓa yarda da wannan a zuciyarsa ba. Ta uku kuma, wanda ya kawo shawara shi zai fara gwada ta a gaban kowa, in ta sa mutum uku dariya ko ta sa su yi tsit, ta zauna ke nan.

Abin da za mu nuna kuwa daga bakin Baba muka samo shi. Yana da wata ɗabi'a, in yana zaune sai ya nuna wani wuri da sandarsa ya ce, "Nan da suke ce wa kicin, tsamiya ce." Ko ya ce rumbunsa a daidai inda aka haƙa shadda yake, abin da ke ba shi haushi kuma yake ba mu dariya. Wata rana Nanret ta ce me zai hana mu dawo masa da gonar cikin ginin. Nan take kan kowa ya kama wuta. Muka ce ba za a yi dandamali ba, ba za a jera kujeru ba, 'yan kallo su ne za su yi ta tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki, kowane ɗaki da lokacinsa na shekara. A ɗakin farko ana sharar gona, mu ƙona busasshiyar ciyawa don mutane su ji warin hayaƙin. A na biyu ƙananan cikinmu su duƙa a ƙarƙashin buhunan siminti su zama kunyoyin doya, in ruwan Nanret ya sauka su riƙa fito da hannu a hankali kamar tsiro. Yara uku suka haɗu suka zama tsamiya, biyu a ƙasa ɗaya a wuyansu, kuma ba a taɓa yin gwaji ba tare da tsamiyar ta faɗi ba. Ni dai ban taɓa jin daɗin wani abu a rayuwata kamar waɗannan makonnin ba. Ina wanke-wanke ina tunanin yadda za a yi kukan kwaɗi, ina cin abinci ina sauri, har Innarmu ta ce ko aljanun kangon ne suke kirana.

Sai dai ni ban yarda in zama kunyar doya ko reshen tsamiya ba. Mutum nake so in zama, kuma a gan ni. Mun sha jin Baba yana ambaton matarsa Talatu, wadda ta rasu tun kafin a sayar da gonar, yana cewa ita ce take kai doyarsa kasuwar Suleja da ƙafa ta dawo kafin la'asar. Na ce ni ce Talatu. Ban tambaye shi ba, babu kuma wanda ya ce a tambaye shi. Ina taƙama da cewa duk layin burtsatse babu wadda ta kai ni ɗaukar bokiti a ka ba riƙo, don haka a ganina an halicce ni ne don wannan rawar.

Da muka ga ƙayar nan ranar Alhamis, muka taru a bakin kangon muna shawara. Sadiku ya ce a cire Talatu kawai a huta. Nanret ta dube ni ta ce, "Abeg, ke kika kawo ta, ke za ki je." Dokarmu ce, ba ni da ta cewa. Da na gaya wa Inna, ko ɗaga kai ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba, ta ce, "Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa." Ta ƙara da cewa ba a wasa da mamacin wani, in je in durƙusa. Bayan azahar na je bukkarsa da ke bayan kangon, Nanret tana bina daga nesa. Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya yi haƙuri, za mu cire ta daga wasan.

"Wa ya ce ku cire ta?" in ji shi. Ya ajiye fartanyar ya dube ni. "Yarinya, tun ina saurayi nake tare da Talatu, ban taɓa ganin ko allura a kanta ba. Wadda kika yi jiya 'yar tallar Wambai ce."

Ya ce a wurinsu kai sarkin jiki ne, shi ne yake tunani, kuma sarki ba ya dako. Matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya. Ya ce in mutanen unguwa suka zo suka ga Talatu da kwando a ka, haka za su riƙe ta, su da ba su taɓa ganinta ba, kuma shi kaɗai ya rage da zai ce ba haka take ba. Kunya ta kama ni ƙwarai. Kullum ina ganin matan Gbagyi a hanyar kasuwa da itace ko doya a kafaɗa, har mukan yi musu dariya, amma ko sau ɗaya ban tsaya na duba ba. Sai ya shiga bukka ya fito da wata babbar ƙwarya da ta yi baƙi don tsufa, an ɗinke tsagarta da zare. Tata ce. Ya aza mini ita a kafaɗa daidai gindin wuya, ya sa doya uku, ya ce ranar da na taka daga nan zuwa ƙofar kangon ba tare da ɗaya ta faɗi ba, ranar zai kwashe ƙaya.

Taku biyar na yi doyar ta watse. Na sake, ta sake watsewa. Duk gwanintata ta burtsatse ta tashi a banza, domin a ka mutum miƙewa yake yi, a kafaɗa kuwa sai ka ɗan sunkuya, ka karkatar da kai, ka taƙaita taku. Sauran yaran suka jeru a gefen hanya, kunyoyi da tsamiya da kwaɗi, suna ƙirga mini taku da ƙarfi, in ta faɗi su yi ihu gaba ɗaya. Baba yana bina da sanda yana taɓa mini gwiwa yana cewa Talatu ba ta sauri, amma ba a wuce ta. Da yamma Inna ta shafa mini man kaɗanya a kafaɗar da ta kumbura, tana cewa da a ce haka nake dagewa a kan karatu da tuni na zama likita. Sai ranar Juma'a gab da magariba na isa ƙofar da doyata uku cif. Baba bai yaba mini ba, ya dai sa sanda ya janye ƙayar. Mu kuwa muka yi ta zagaya kangon da gudu har aka fara kwaɗa mana kira daga gida.

Ranar Asabar da la'asar mutane suka zo fiye da yadda muka zata. Matan gidanmu da goyonsu, baban Nanret da 'yan mawaƙan cocinsu, Babana da jaridarsa a hammata, da wasu matan Gbagyi guda huɗu da Baba ya kira da kansa. Kowa yana neman wurin zama, Sadiku yana ta shelar babu zama. Wata maƙwabciyarmu ta ce ita ba ta taɓa ganin wasan da ɗan kallo ne yake wahala ba. Amma suka biyo mu. Suka yi tari a ɗakin hayaƙi. Da ruwan Nanret ya sauka, wata mata ta ja zane ta rufe kan jaririnta, wata kuma ta juya za ta ruga kwashe shanya, sai da aka riƙo ta. Wata kunyar doya ta yi atishawa. Tsamiya ta tsaya da ƙafarta a karon farko a tarihinta. Ina leƙe ta taga, ina ganin Babana yana dariya har da riƙe ciki.

Ɗaki na ƙarshe shi ne falo, lokacin kaka. Shirinmu shi ne in ratso ta tsakiyar mutane in kai tsakiyar ɗaki, in sauke ƙwaryar, mu kama waƙa gaba ɗaya. Na shigo a hankali, kai a karkace, ina jin mutane suna darewa. Na kai tsakiya na tsaya. A nan na tuna cewa a kwana biyun nan ɗauka da tafiya na koya, saukewa kuwa kullum doyar ce take sauke kanta. Na tsaya cak, ban san yadda zan yi ba. Sai na ga Baba ya fito daga cikin mutane, ba sanda a hannunsa. Ya zo gabana ya faɗi wata magana da yarensu, a hankali, ba irin muryar da yake yi mana magana da ita ba. Ban san amsar ba, amma matan nan huɗu suka amsa mini a tare. Ya sa hannu biyu ya sauke ƙwaryar daga kafaɗata ya ajiye a ƙasa, kamar wanda ya yi hakan sau dubu. Daga baya ɗaya daga cikin matan ta gaya mini sannu da dawowa ya ce. Babu wanda ya tuna da waƙar. Falon ya yi tsit, kuma a dokarmu abin da ya sa mutum uku suka yi tsit ya zauna ke nan.

Sai dai ba mu sake yin wasan ba. Damina tana ɗaukewa mai ginin ya dawo da kafintoci, aka yi rufi, aka sa ƙyaure. Baba ya koma ƙauye wurin 'ya'yansa da ƙwaryarsa, don aro ya ba ni ba kyauta ba, kuma can ya rasu. Yanzu gidan yana da geti da tayil da tankin ruwa, masu haya suna fita da asuba su dawo bayan magariba, kamar yadda ni ma nake yi. Babu sauran kango a layin, balle kuɓewa a ɗakin baƙi, kuma yaran unguwar a bayan katanga suke wasa, kowa a gidansu. Ni da Nanret mukan yi waya, har yau tana cewa ruwanta ne ya ci wasan, ni kuma ba na musu. Wani lokaci ina sha'awar in ƙwanƙwasa getin in ce wa matar gidan a ƙarƙashin tsamiya take girki, amma ban taɓa yi ba. In na zo wucewa dai, kafin in ankara na rage sauri, kaina ya ɗan karkata.